Daga maƙerar Kaka zuwa injin kwano: yadda sana'ar ƙarfen gidanmu ta kai hannu na uku

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labarin shi ne yadda nake ganin manyan shaguna a Kano suna watsewa da zarar mai su ya kwanta dama, ko sadakar arba'in ba a gama ba sai ka ji an sa rumfa a kasuwa, an raba kuɗi, bayan 'yan shekaru ka ga ɗan gidan yana dako a layin da ubansa ya yi suna. Abin yana min ciwo sosai wallahi. Mu namu Allah ya tsare, yau sana'ar ƙarfen gidanmu tana hannu na uku, kuma ina ganin akwai abin da wani zai ɗauka a ciki. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka san mu za su gane.

Mu asalinmu maƙera ne. Kakanmu na wajen uba ya tashi a gaban zuga-zugi da uwar maƙera, gawayi da masaba da awartaki su ne kayan aikinsa, yana ƙera fartanya da garma da lauje da gatari, ranar kasuwa a ɗaure su a kai ƙauyuka. A zamaninsa an riga an daina wahalar narka tama, domin tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ƙarfen Turawa ya fara yawa a gari, daga baya ga motoci, sai ya zama tsohon sifirin mota da guntayen ƙarfen da aka yar su ne abin aikin maƙeri. Baba yana ba mu labari cewa Kaka in ya ɗauki ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne, daga ƙarar kawai zai ce maka wannan na gatari ne wancan kuma ko fartanya ba zai yi ba, zai lanƙwashe a gona. Sifirin shi ya fi so saboda in aka gasa shi aka tsoma a ruwa yana yin tauri, bakinsa ba ya saurin dakushewa.

To shi Kaka mutum ne mai lura. Ya ga 'yan uwansa maƙera suna ɓata rabin yini wajen yawon neman ƙarfe a garejin makanikai kafin su zo su hura wuta, sai ya fara tara ƙarfen da ya fi ƙarfin aikinsa a wani kango kusa da gida, yana ware shi iri iri, mai buƙata ya zo ya auna ya biya ko ya ɗauka bashi sai ya sayar da kayansa. Da aka yi farin 1973 manoma suka rasa abin sayen garma, aikin maƙera ya tsaya cak, wannan ɗan tarin ƙarfen ne ya riƙe gidan. Daga nan bai sake kallon sa a matsayin abin gefe ba.

Sai ga kuɗin mai, sai ga Udoji a 1975, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, ma'aikata suka samu kuɗi a hannu, kowa yana son ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo da siminti. Baba shi ne babba a maza, lokacin yana saurayi, shi ya dinga yi wa Kaka naci cewa masu gini suna neman rodi da kwano da ƙusa ido rufe, mu gwada. Kaka bai yarda da wuri ba, don shi a ganinsa ƙarfen da ba ka sa masa hannu ba ka juya shi ya zama wani abu, cin ribarsa da sauƙi ya yi yawa. Amma ya ba shi jari ƙarami, ya ce in ya ga amana zai ƙara. Da haka aka fara, har Allah ya sa daga baya aka samu rumfa a Ƙofar Ruwa, wadda duk mai gini ko mai walda a Kano ya san nan ce cibiyar ƙarfe.

Mutane da yawa ba su san yadda aka tsara harkar ƙarfen ƙasar nan ba a wancan lokacin, kuma tsari ne mai kyau a takarda. An fara ginin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyat, an buɗe na Aladja kusa da Warri a 1982, sannan aka yi kamfanonin murza ƙarfe guda 3, Jos da Katsina da Osogbo, kowanne an tsara shi ya iya fitar da tan 210,000 a shekara. Aladja za ta narka ta yi sandunan ƙarfe masu kauri da ake kira bilet, a ɗauko su a tirela a kai wa waɗannan ukun su murza su koma rodi da waya. Mu na Katsina ya fi mana kusa, Baba yana cewa rodin Katsina na farkon nan in ka lanƙwasa shi ba ya tsagewa, birkiloli da kansu suke tambayarsa. Irin su Baba ƙananan 'yan kasuwa ne, a hannun manyan diloli suke saye, amma duk da haka kaya yana kusa, kuɗin mota kaɗan ne. Ajaokuta dai har yau ba ta kai ga abin da aka gina ta domin sa ba, kuma duk lokacin da na tsaya ina lissafin kuɗin tirela daga Legas zuwa Kano sai na tuna da wannan, raina ya ɓaci.

Da SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, ta zo a 1986 naira ta fara zubewa, a nan Baba ya koyi darasin da har yau a kansa muke tafiya. Ka sayar da tan goma yau ka ga riba a takarda ka yi murna, ka koma saro kaya sati biyu a gaba kuɗin da ribar gaba ɗaya su kasa sayo maka tan tara. Mutane da yawa a layinmu haka suka karye suna ganin kamar riba suke ci. Shi sai ya daina lissafin dukiyarsa da naira, ya koma lissafi da tan, duk ƙarshen wata tambayarsa ɗaya ce, tan nawa muke da shi a ƙasa, tan nawa ke hannun mutane bashi, ya ƙaru ko ya ragu. Kuma kuɗi ba ya kwana biyu a hannunsa, yana shigowa zai mayar da shi kaya. Wannan ne ya tsallakar da mu a 2016 da naira ta sake faɗuwa, shi ne kuma a 2023.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi komai muhimmanci a wajena, wato rasuwar Kaka. Ya rasu a zamanin Abacha, lokacin da ayyukan PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, suka sa kasuwar kayan gini ta ɗan motsa, ni ina yaro amma na yi wayo, ina zuwa rumfa bayan makaranta. Ya bar mata biyu da 'ya'ya maza da mata, ɗaki biyu, kun dai san yadda irin wannan yake. Ba a jima ba maganganu suka fara yawo, masu zuga daga waje sun fi 'yan gidan zafi, wai Baba ya daɗe yana juya dukiya shi kaɗai waye ya san abin da ya ɓoye, a sayar da komai kowa ya kama gabansa. Kuma maganar gaskiya rabon gado haƙƙi ne, Allah ne ya yanka wa kowa nasa, babu wanda ya isa ya ce kada a raba.

Abin da Baba ya yi shi ne ya ce a kira malamin da kowa ya yarda da shi, da dattawa biyu daga kasuwa waɗanda suka san farashi, kowane ɗaki ya turo wakilinsa, a auna komai a gaban kowa. Ina tuna wannan aikin sosai. An rufe ciniki, 'yan dako suna ɗago rodi suna jerawa ana ƙirgawa da ƙarfi, mai alli yana ja a bango, ana ɗora angul da falat ba da guntaye a kan sikeli, har buhunan ƙusa da tsatsa ta fara ci ba a bari ba, har tsohuwar uwar maƙerar Kaka sai da aka yi mata kuɗi. Ƙura ta tashi, hannun kowa ya yi ja da tsatsa, malam yana zaune kan benci da littafi a cinya yana rubutawa. Baba ya fito da littafin bashi ya miƙa, wanda muke bi da wanda ake bin mu, shafi shafi aka karanta. Da aka gama sai wajen ya yi tsit, saboda abin da aka samu ya fi abin da masu zargin suke tsammani.

An fara biyan bashin da ake bin mamaci, aka fitar da wasiyya, aka cire tumuni na matan biyu, saura aka raba namiji kason mata biyu kamar yadda shari'a ta ce. Kowa ya san nasa har kwabo. Sai babbar Gwaggonmu, wadda ma ba ɗakinsu ɗaya da Baba ba, ta yi magana daga bayan labule ta ce ita nata kason a bar shi a cikin ƙarfen, a rubuta mata takarda, duk shekara a ba ta abin da ya haifa, domin in ta karɓa yau gobe ya tafi a biki da suna. Wallahi maganar baiwar Allahn nan ita ta ceci gidanmu. Sauran mata suka bi ta, matan Kaka biyu suka bi. Baffa ɗaya ne ya ce shi yana son nasa a hannu zai shiga harkar mota, babu wanda ya yi fushi da shi, aka yi yarjejeniya aka biya shi kashi kashi yadda ba zai karya jarin ba, kuma har ya rasu tirelarsa ce take ɗauko mana kaya, ana biyan sa kamar yadda za a biya bare.

A wannan zaman aka kafa ƙa'idoji da har yau ba a taɓa su ba. Wanda yake aiki a rumfa yana da albashinsa daban, ribar kaso daban, kada a haɗa. Babu mai sa hannu a aljihun ciniki ko da Baba ne, in kana da matsala ka zo a rubuta maka rance. Duk shekara a watan da aka tsayar za a sake auna kaya gaba ɗaya, a yi musu kuɗi da farashin ranar, a fitar da zakka ɗaya cikin arba'in, a ware abin da za a ƙara a jari, sannan a raba saura. Kuma kowa yana da ikon ya ce a buɗe masa littafi, mace ko namiji, ba sai ya ba da dalili ba. Daga baya da muka yi karatu muka je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, aka yi mana rajista, kason kowa ya koma hannun jari a rubuce, amma ainihin tsarin tun ranar awon nan aka gina shi.

Saboda jarin bai tarwatse ba ne muka iya shiga sarrafawa. Farko injin yanka da na lanƙwasa rodi muka saya, mai gini ya kawo takardar injiniya mu yanka masa mu yi masa ringin ginshiƙi daidai awo, ya huta da asarar guntaye da jiran mai lanƙwasa da hannu. Sai injin yanka faranti da naɗe shi don masu yin ƙofofi da tankuna. Babban tsallen shi ne injin kwano, wanda aka yo odarsa daga Sin, muka kama fili a Sharaɗa muka kafa shi. Naɗin ƙarfe ko na alminiyam ne yake zuwa kamar ƙatuwar tabarma a nannaɗe, mai nauyin tan da yawa, a ɗora shi a bakin inji, ya bi ta cikin jerin tayoyin ƙarfe suna matsa shi a hankali har ya fito da tudu da kwari, a yanke shi daidai tsawon da kafinta ya auno. Da can bandir ake saye mai guda 20 gajeru, a yi ta haɗawa, duk mahaɗa kuma wajen yoyo ce. Ranar da aka fara tayar da injin Baba ya tsaya yana kallo har idonsa ya kawo ruwa, ya ce da Kaka yana nan da ya yarda yanzu mun koma sa wa ƙarfe hannu.

Akwai maganar da dole in yi ko da wasu abokan sana'a ba za su ji daɗi ba, maganar awo. Rodi tsawonsa mita 12 ne. Mai kaurin milimita 12 na gaskiya kowace mita tana da nauyin kusan kilo 0.89, shi ya sa tan ɗaya yake ba da wajen guda 93. Mai 16 wajen guda 52, mai 10 wajen guda 133. To in aka ce maka ga mai 12 amma tan ya ba da guda ɗari da goma, ka san an rage masa jiki, kuma wannan ragin a cikin rufin kankaren da yara za su kwana a ƙarƙashinsa zai je ya zauna. Haka kwano, a ce maka kaurinsa milimita 0.55 ne alhali 0.45 ne ko ƙasa da haka, ido ba zai gane ba sai iskar farkon damina ta zo. Baba yana da ɗan ƙaramin sikeli da zarto a ofis, duk tirelar da ta iso kafin a kwance igiya sai ya sa an zaro sanda ɗaya daga tsakiya, a yanki mita guda cif a ɗora. Na ga ranar da ya mayar da tirela guda cike zuwa wani kamfani a kudu, muka yi asarar kuɗin mota zuwa da komawa, ga kwastomomi suna jira, wasu suka tafi maƙwabta suka saya. Mun ji jiki a wannan watan. Amma injiniyoyi suna magana a tsakaninsu, kuma yawancin manyan kwastomomin da muke da su yau ta wannan hanyar suka zo. In mutum ya ce shi mai araha yake so don katanga ko wani ƙaramin aiki, muna gaya masa ainihin kaurin abin da zai ɗauka, a rubuta a rasit yadda yake.

Yawancin rodin da ake sayarwa yanzu daga gwangwan ake narka shi, a kamfanonin da ke wajajen Ikorodu da jihar Ogun, shi ya sa motar da ta kawo mana kaya ba ta komawa wayam, muna cika ta da gwangwan da muka saya a hannun 'yan jari bola da masu tarawa. Nan ma akwai jarrabawa, don ana kawo murfin kwalbati da ƙarfen titin jirgi da wayar wuta, duk mai hankali ya san daga ina suka fito. Ba ma saye ko nawa aka karya farashi, yaranmu sun san wanda ya karɓa ya bar aiki.

Wahala kam an sha. Bayan harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 gari ya mutu, ga dokar hana fita, kwastomominmu na Maiduguri da Damaturu wasu ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, bashinsu aka taru aka yafe. A watan Agustan 2019 aka rufe boda, mutanenmu na Maraɗi da Damagaram da suke ɗaukar kwano da fayif suka daina zuwa fiye da shekara, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ga korona a 2020. Man gas ya haura tun 2022, aka cire tallafin fetur a 2023 naira ta sake zubewa, a Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, mu da injinanmu ba sa motsi sai da wuta mai ƙarfi. Akwai lokacin da sai mun tara odar kwana da kwanaki sannan mu tayar da janareto sau ɗaya mu buga gaba ɗaya. A shekarun nan akwai wadda ba a raba ko sisi ba bayan zakka, kuma Gwaggo da tsufanta ita ta fara cewa a bar shi a biya ma'aikata tukunna.

Su ma'aikatan nan ba zan gama ba ban ambace su ba. Ɗan dakon ƙarfe kafaɗarsa kanta take yi, rodi ya sha rana ya yi zafi haka zai saɓa shi, bakin kwano kuma yana yanka kamar reza. Mun sa dokar safar hannu da takalmi mai ƙarfe a baki, wanda ya ji ciwo maganinsa a kanmu. Yaron da ya daɗe ya nuna amana ana sallamar sa da kaya, a ba shi tan kaza ya buɗe nasa, ya dinga saro a wajenmu. Akwai su a Wudil da Bichi da Gumel, wasunsu yanzu da motarsu suke zuwa lodi.

Yau Baba ya manyanta, yana zuwa da hantsi ya zauna ya ga an auna abin da za a auna ya koma gida kafin azahar. Ni nake kula da wajen injina, ɗan Baffa yana rumfar Ƙofar Ruwa, ƙanwata da ta karanta akanta ita ke riƙe da lissafi a kwamfuta, duk wata tana tura wa masu kaso bayani a WhatsApp har da yawan tan. Matsalar da ke gabanmu ita ce masu kaso sun yi yawa, iyaye suna rasuwa kasonsu yana rarrabuwa tsakanin jikoki, wasu ko ƙofar kamfanin ba su taɓa takawa ba, wasu suna Abuja wasu suna aure a wasu garuruwan. Mun ƙara doka cewa mai son sayar da nasa ya fara tallata wa 'yan gida, a yi masa kuɗi da awon shekarar, a biya shi ba tare da jan rai ba. Bayan Babbar Sallah akwai zama, za a yanke tsakanin sayen injin yin fayif da kafa sola mai ƙarfi a Sharaɗa. Matasanmu sun fi karkata ga injin, ni kuma sola zan goya wa baya saboda na san abin da man gas yake ci a kowane bandir da muke fitarwa, kuma na riga na roƙi ƙanwata ta fitar da lissafin shekara biyu ta tura wa kowa kafin ranar, har da gwaggonninmu, don kowa ya zo da abin da ya gani da idonsa.